Idan Faifan Sabar Gida Ya Fara Ciwo: Me Ake Fara Yi, Me Ake Jinkirtawa

Faifan ajiya, wanda masu gyaran kwamfuta ke kira had-dis, sau da yawa sai ya yi jinya kafin ya mutu. Bidiyon da ake kallo daga sabar gida, wato kwamfutar da ake tara fayilolin gida a kanta, ya riƙa tsayawa a wuri guda kullum, folda ta ɗauki minti guda kafin ta buɗe, kwafin fayil ya kusa kammaluwa sai ya maƙale, ko da dare idan gida ya yi tsit a ji wani ƙas-ƙas yana fitowa daga cikin akwatin. Abin da mai sabar ya yi a sa'o'in farko bayan ya ga waɗannan alamomi shi ne yawanci ke raba wanda zai tsira da hotunan iyalinsa da takardunsa da wanda zai yi asararsu. Abin takaicin shi ne, matakin da zuciya ke fara raya wa mutum, wato ya kunna manhajar bincike ta yi ta gyara faifan, shi ne ya kamata ya zo daga ƙarshe.

Sai an san abin da ke cikin akwatin ƙarfen nan kafin a gane dalili. A ciki akwai faranti ɗaya ko fiye da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda. Na 7200 ɗin yana zagayawa sau 120 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A saman kowane faranti akwai wata 'yar allura mai karatu da rubutu, wadda ba ta taɓa farantin, iskar juyawar ce ke ɗauke da ita a tazarar da ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An rarraba fuskar farantin gurbi-gurbi, kowane gurbi na ɗaukar bayit 512 a tsofaffin faifai, ko 4096 a yawancin na yanzu. Kamfani kuma yakan ɓoye wasu guraben na ko-ta-kwana. Idan gurbi ya lalace, faifan da kansa zai jingine shi ya ɗauko ɗaya daga cikin ɓoyayyun, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Matsalar ita ce, idan allura ta taɓa goga farantin, ko da sau ɗaya, ɓurɓushin da ta kankaro yana nan cikin akwatin yana yawo, kuma duk wucewar da allurar za ta sake yi ta wurin tana iya ƙara ɓarna. Faifan da ya fara irin wannan lalacewa yana da ragowar sa'o'in aiki ƙidayayyu, babu kuma wanda ya san adadinsu. Rumbun da gara ta shiga, hatsin ake fara kwashewa kafin a tsaya duba inda za a yi yaɓe.

Da farko dai a tabbatar faifan ne

Ba duk abin da ya yi kama da ciwon faifai ne ciwon faifai ba. A sabar da ke aiki da Linux, wadda ita ce mafi yawa a gidaje, wurin farko da za ka leƙa shi ne rahoton da tsarin ke rubutawa, ta umarnin dmesg ko journalctl -k. Wannan ba ya wahalar da faifan ko kaɗan. Idan ka ga layuka masu ɗauke da UNC ko medium error tare da lambar wani gurbi, to faifan ne ya je karatu ya kasa. Idan kuwa abin da ke yawan fitowa shi ne haɗin SATA ya yanke ya sake ƙulluwa, ko kalmar ICRC da BadCRC, zargi ya fi karkata ga wayar da ta haɗa faifan da babban allo, ko kuma wutar da ke shiga masa.

Kada a raina batun wuta. Faifai mai inci 3.5 yana jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 a lokacin da yake tayar da farantinsa. Akwatin wutar da ya tsufa, ko wayar da aka rarraba wa faifai huɗu daga baki ɗaya, na iya sa lafiyayyen faifai ya riƙa ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa. Haka ƙananan sabar da ake haɗa wa faifai ta USB, irin su Raspberry Pi: sau da yawa wutar ce ba ta isa ba. Canza waya, canza bakin da aka soka ta, ka gwada wani akwatin wuta idan kana da shi. Aikin minti goma ne, kuma yana hana mutum jefar da faifan da bai yi laifin komai ba.

Kafin ka taɓa komai a cikin akwatin, rubuta lambar jikin kowane faifai a takarda. Umarnin lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL zai nuna maka su. Sunayen nan na sda da sdb ba su da amana, suna iya musanyawa da zarar an sake kunna na'urar. Lambar da ke manne a jikin faifan ita ce ba ta canzawa.

Karatun rahoton da faifan ke yi wa kansa

Kusan kowane faifai yana ɗauke da wani tsarin lura da lafiyarsa da ake kira SMART. Manhajar smartctl, daga ƙunshin smartmontools, ita ke fito da rahoton: smartctl -a /dev/sda. Idan faifan na cikin kwanson USB ne, wani lokaci sai an ƙara -d sat kafin ya amsa.

A saman rahoton za ka ga kalmar PASSED, kuma a nan mutane da yawa ke ajiyar zuciya su rufe. Wannan kalma ba ta cewa faifan lafiya lau yake. Abin da take nufi kawai shi ne bai tsallake iyakar da kamfani ya gindaya ba, iyakar kuwa sau da yawa sai faifai ya kusa kwanta dama yake kaiwa gare ta. Gangara ƙasa zuwa jadawalin, ka dubi ginshiƙin ƙarshe na dama, mai suna RAW_VALUE.

Layi mai lamba 5 yana ƙirga guraben da faifan ya riga ya jingine ya maye da na ko-ta-kwana. Layi na 197 shi ne guraben da ya je karantawa ya kasa, yana jiran ya ga abin da zai yi da su. Na 198 guraben da binciken kansa ya tarar ba su karantuwa. Na 187 kurakuran da ya kasa gyarawa har ya sanar da kwamfuta, na 188 kuma umarnin da aka ba shi lokaci ya ƙure bai amsa ba. Waɗannan biyar su ne kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke da dubban ɗaruruwan faifai yana kuma wallafa alƙaluman mutuwarsu, ya ce yana sa wa ido. Sai layi na 199, wanda labarinsa daban ne: shi kurakuran kan hanya yake ƙirgawa, tsakanin faifai da allo. Idan shi kaɗai ke hawa, sauran suna sifili, wayar ce. Lambarsa ba ta komawa baya bayan an canza waya, abin dubawa shi ne ta daina ƙaruwa. Masu faifan Seagate kuma kada su firgita da miliyoyin da za su gani a layi na 1 da na 7, haka kamfanin ke rubuta nasa lissafin ko a sabon faifai.

Layi na 197 ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan ruɗuwa. Gurbin da ke jiran hukunci, faifan ba zai maye shi ba sai an yi sabon rubutu a kansa. Idan aka rubuta, ko dai rubutun ya zauna gurbin ya koma aiki, ko ya ƙi zama a jingine shi, lambar layi na 5 ta ƙaru da ɗaya. Ta kowace hanya, 197 zai sauko zuwa sifili. Mai gyara zai iya shafe faifan gaba ɗaya ya nuna maka sifilin nan ya ce ya warke. Amma abin da ke cikin gurbin ya tafi, dalilin da ya sa gurbin ya lalace kuma yana nan. Akwai yanayi guda da ake iya yi wa faifan uzuri: idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, gurbin na iya zama rabi-da-rabi, ya ƙi karantuwa alhali farantin lafiyarsa ƙalau. Irin wannan, da an sake rubutu a kai 197 zai koma sifili, 5 kuma ba zai motsa ba. A gidajen da wuta ke ɗaukewa sau da dama a yini, wannan ba baƙon abu ba ne.

Me waɗannan lambobi ke faɗa game da gobe? A shekarar 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazarin faifai sama da 100,000 da ke cibiyoyinsu. Sun tarar cewa faifan da binciken fuskarsa ya gano kuskure na farko, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta wanda ba shi da kuskuren sau 39. Sun kuma tarar cewa kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama ba ko ɗaya a SMART. Wato idan ya yi magana a saurare shi, amma shirunsa ba shaidar lafiya ba ne. A ganina, ko gurbi ɗaya ne a 197 ko 198, a kwashe kaya a ranar. Idan lambar 5 na ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan ya gama aikin saba. Wanda ke da 'yan gurabe kaɗan a 5 da suka shekara ba su motsa ba, yana iya ci gaba da ɗaukar abin da ba za a yi kuka ba idan ya ɓace.

SMART na da gwaji iri biyu, gajere na kamar minti biyu da dogo mai karanta faifan daga farko har ƙarshe, wanda kan ci sa'o'i da yawa. Idan kana da kwafin kayanka a wani wuri, yi duka biyun. Idan ba ka da shi, bar dogon. Karatun da zai yi ya gaya maka abin da ka riga ka sani, gara a kashe shi wajen kwashe kayan.

Kwashe kaya

Dakatar da duk manhajojin da ke taɓa faifan, ka sauke shi daga tsarin. Idan shi ne faifan da sabar ke tashi da shi, kashe ta ka tayar da ita daga filashi. Idan akwai wasu 'yan fayiloli da ka san su ne ranka, kuma faifan na amsawa, kwafe su tukuna. Daga nan sai a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya zuwa wani faifai mai girmansa ko wanda ya fi shi.

Kwafi na yau da kullum bai dace da wannan aiki ba, domin da ya ci karo da mugun gurbi sai ya tsaya, ko ya nace a kansa har faifan ya gaji. Manhajar da aka gina don wannan ita ce GNU ddrescue, ta Antonio Diaz Diaz. Dabararta ita ce ta fara kwashe wurare masu sauƙi da sauri, ta tsallake inda ya yi gardama, sai daga baya ta dawo ta riƙa matsowa gefen ɓarnar a hankali. Zagaye na farko shi ne ddrescue -f -n /dev/tsoho /dev/sabo taswira, inda za ka sa ainihin sunayen faifanka. Na biyu, ddrescue -f -d -r3 da sunayen nan dai, yana komawa guraben da suka ƙi ya gwada kowanne sau uku.

Abu biyu a nan ba a wasa da su. Na farko, tsohon faifai ne a gaba, sabo a baya. Wanda ya juya su ya kwafe fanko a kan kayansa, kuma babu mai dawo masa da su. Shi ya sa ya fi aminci a yi amfani da dogayen sunayen da ke cikin /dev/disk/by-id, masu ɗauke da lambar jikin faifan, a karanta umarnin sau biyu kafin a danna. Na biyu, fayil ɗin taswirar, wanda dole ya zauna a wuri na uku, kamar filashi. A ciki ne ddrescue ke rubuta inda ta gama, inda ta tsallake da inda ya gagara. Faifan terabayit 4 mai lafiya, a gudun megabayit 150 a daƙiƙa, yana cin sa'a bakwai da ɗoriya. Marar lafiya na iya cin kwanaki. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, taswirar ce za ta sa aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba a koma farko a sake gajiyar da faifan ba. Sa masa fanka tana hura shi duk tsawon aikin.

Da an gama, cire tsohon ka ajiye shi gefe. Yanzu tsarin fayilolin da ke faifan biyu na ɗauke da lambar shaida iri ɗaya, tsarin na iya rikita su. A kan kwafin ne ake kunna fsck, manhajar bincike da gyaran tsarin fayiloli, a fara da -n domin ta faɗi abin da ta gani ba tare da ta taɓa komai ba. Idan teburin rabon faifan, wato jadawalin da ke nuna yadda aka kasa shi, ya lalace, TestDisk kan iya dawo da shi. Idan tsarin fayilolin ya wargaje gaba ɗaya, PhotoRec na tsinto fayiloli ta hanyar gane siffarsu, sai dai za su zo babu sunayensu babu foldojinsu, hotuna dubu goma a tuli guda.

Akwai inda aikin gida ke ƙarewa. Faifan da ke ƙas-ƙas a jere kuma kwamfuta ba ta ganinsa, ko wanda ke ƙarar gogar ƙarfe, ko wanda ya faɗi ƙasa yana aiki, a kashe shi nan take. Kowace kunnawa tana ƙara kankare farantin. Kada a buɗe murfinsa a ɗaki, kada a sa shi a firji kamar yadda ake yaɗawa, domin raɓar da za ta kwanta a kan farantin ta isa ta ƙarasa shi. Ko canza allon lantarkin da ke bayansa ba ya yiwuwa kai tsaye a faifan zamani, sai an ɗauke ɗan guntun da ke riƙe da bayanan daidaiton wannan faifan an mayar a sabon allon. Wannan aikin masu ceto bayanai ne da ke da ɗaki marar ƙura, kuma kuɗinsa ya ninka na sabon faifai sau da yawa.

Idan sabar na da faifai fiye da ɗaya

Wanda ya haɗa faifansa biyu suna kwafar juna, ko uku zuwa sama a tsarin RAID, mai haɗa faifai ta yadda mutuwar ɗaya ba ta ɓatar da kaya, yana da sarari, amma ba mai yawa ba. A mdadm, manhajar RAID ta Linux, cat /proc/mdstat zai nuna UU idan duka biyun na nan, ko U da ɗan layi idan ɗaya ya fita. Ana ayyana marar lafiyan da --fail, a cire shi da --remove, a kwafa wa sabon teburin rabo, a shigar da shi da --add. A ZFS kuwa, wani tsarin fayiloli da ke haɗa faifai da kansa, zpool replace ne, kuma idan akwai bakin waya da ya rage, ya fi kyau a bar tsohon a haɗe har sabon ya gama cika, domin tsarin ya samu wurin karatu biyu. ZFS na da wata falala: zpool status -v na faɗin sunayen fayilolin da suka lalace ɗaya bayan ɗaya. A nan ne takardar lambobin nan ke amfani, domin wanda ya zare lafiyayyen faifai ya bar marar lafiyan ya jefa kansa cikin abin da ya fi na farko muni.

Lokacin sake ginin, wato cika sabon faifan daga sauran, shi ne mafi hatsari. Sauran faifan dole su karantu daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, alhali galibi rana ɗaya aka saye su, sun yi aiki iri ɗaya a zafi iri ɗaya. Takardun kamfanoni na faifan gida sukan ce ana iya samun kuskuren karatu guda a cikin abin da ya kai kimanin terabayit 12.5. A aikace faifai sukan fi haka kyau, amma lambar ta isa ta sa mai manyan faifai a RAID 5, tsarin da ke jure mutuwar faifai ɗaya kacal, ya kwafe muhimman kayansa waje kafin ya fara ginin. RAID dai ba ya dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ba ya kuma tsira idan tsawa ko hauhawar wuta ta ƙone akwatin duka. Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida, shi ne tsarin da masu wannan harka suka daɗe a kai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sabon faifan ma sai an tantance shi. Akwai masu rubutu irin na SMR, inda layukan ke hawa kan juna domin a samu ƙarin wuri. Suna da araha, amma dogon rubutu ba tsayawa, irin na sake gina RAID, yana sa su ja ƙafa har tsarin ya ɗauka sun mutu. A 2020 aka gano Western Digital na sayar da irinsu a jerin WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 ba tare da bayyanawa ba, daga baya kamfanin ya ware masu CMR, waɗanda layukansu ba su hawa kan juna, ya kira su Red Plus. Don saba, CMR ake nema. Idan na hannu za ka saya, kamar yadda da yawanmu ke yi, duba layi na 9 ka ga sa'o'in da ya yi yana aiki, ka kuma sani cewa ana iya goge wannan lissafi. Sabo ne ko na hannu, kafin ka ɗora masa komai bi shi da badblocks -wsv, ka ƙara -b 4096 idan babba ne. Zai rubuce shi ya karance shi sau huɗu, yana iya cin kwanaki, kuma yana shafe duk abin da ke ciki, don haka ba a kusantar faifan da ke da kaya da shi. Bayan ya gama, sake duba 5 da 197.

Sauran abin da ya rage shi ne muhallin da faifan zai zauna. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin watan Afrilu na haura digiri 40, faifai kuma a cikin akwati ya fi ɗakin zafi, yawancin kamfanoni kuwa a wajen digiri 60 suka sa iyaka. Layi na 194 na nuna zafinsa. Ƙurar hunturu na toshe fanka da ramukan iska, a riƙa hure su. Layi na 192 a faifai da dama yana ƙirga sau nawa wuta ta yanke masa ba shiri, kuma maganin wannan shi ne UPS, akwatin batir mai riƙe wuta, da aka haɗa da sabar ta USB, tare da manhaja irin NUT ko apcupsd da za ta kashe ta cikin tsari kafin batir ya ƙare. A kunna smartd ya riƙa aiko da saƙo idan lambobin nan suka motsa, a kuma sa tsarin ya riƙa karance faifan duka sau ɗaya a wata.

Tsohon faifan kuma kada a miƙa shi ga masu sayen kayan gwangwan haka nan, domin mafi yawan abin da ke cikinsa yana karantuwa. Idan yana amsawa, a rubuce shi da sifili daga farko har ƙarshe, sannan a duba lambarsa a shafin kamfanin ko garantinsa bai ƙare ba. Idan ba ya amsawa, a huda shi da na'urar huda ƙarfe a wurare biyu ko uku, ta inda farantin yake.